Babi na Bakwai: Daga Fadamar Haɗejiya zuwa Tsaunukan Goggon Biri

Idan hutun ƙarshen shekara ya gabato, akan ji mai ɗan hali yana tambayar kuɗin jirgi zuwa Kenya don kallon namun daji, ko yana neman sanin yadda ake samun izinin hawa tsaunukan Ruwanda a ga goggon biri ido da ido. Buri ne mai kyau, kuma za mu zo kan yadda ake shirya masa. Sai dai akwai wata tafiya da ya kamata ta riga wannan, wadda ba ta bukatar fasfo balle dala, ita ce ta fadamar Haɗejiya a Jihar Jigawa. Tafiyoyin nan biyu ƙa'ida ɗaya ce ke riƙe da su. Dabba ce ke yanka lokacin ziyara, mutanen wurin su ne masu masauki, kuma wajibi ne wani abu daga aljihun baƙo ya sauka a hannunsu. Wanda ya koyi wannan a dausayin Baturiya da ke cikin fadamar ba zai sha wahalar gane shi a Ruwanda ba.

Ruwan da ya yi fadamar

Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa kafin Wudil, daga nan ruwan ya miƙa gabas da sunan Kogin Haɗejiya. Shi kuwa Kogin Jama'are daga tsaunukan Jos yake gangarowa, ya ratsa ƙasar Bauchi. Da kogunan biyu suka iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsofaffin tuddan rairayi, sai gudunsu ya ragu, ruwan ya rarrabu, ya bi tsakanin tuddan yana cika tafkuna da kududdufai. A gabashin garin Haɗejiya kogin ya rabu rassa, reshen Marma ya nufi tafkin Nguru, sauran suka nufi wajen Gashuwa, inda ruwan ya sake tattaruwa ya zama Kogin Yobe mai zuba a Tafkin Chadi. Wannan fili mai ruwa a tsakiyar ƙasa mai ƙarancin ruwan sama shi ake kira dausayin Haɗejiya da Nguru, kuma ya shafi ƙananan hukumomi irin su Auyo, Kirikasamma da Guri a Jigawa, da Nguru da Bade a Yobe.

Duniya ta daɗe da sanin darajar wurin. Akwai yarjejeniyar kare dausayi da ƙasashe suka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971, kuma wuri na farko da Najeriya ta sa a ƙarƙashinta shi ne tafkin Nguru da reshen Marma, a shekarar 2000. A 2008 aka ƙara da dausayin Baturiya da ke Ƙaramar Hukumar Kirikasamma, da tafkin Dagona da ke Yobe. A 2020 hukumar UNESCO ta sa yankin Haɗejiya, Nguru da Bade cikin jerin wuraren da ake son ɗan Adam da sauran halittu su rayu tare ba tare da ɗaya ya kashe ɗaya ba. A ƙarshen wannan shekarar kuma Gwamnatin Tarayya ta amince da sababbin gandayen daji na ƙasa guda 10, ciki har da na Baturiya da na Falgore a Kano da na Kogo a Katsina.

Lokacin zuwa

Duk shirin tafiyar nan kan ruwa ya rataya. Damina na sauka daga Yuni zuwa Satumba, kogi kuwa yakan cika ya tumbatsa a Agusta da Satumba. A lokacin hanyoyin ƙauyuka da yawa suna yankewa, kuma a shekarun ambaliya mai tsanani, kamar 2020 da 2022, jama'a ta kansu suke yi, suna ɗaure jinga da buhunan ƙasa don kare gari. Ba lokacin yawon buɗe ido ba ne.

Daga Oktoba ruwa ke fara janyewa. Manoma su yanke shinkafa, su bi laimar da ruwa ya bari su shuka wake, masu noman rani su fara gyaran fili don alkama da tattasai da albasa. A daidai wannan lokaci ne sanyi ke tsananta a Turai da Rasha, sai tsuntsayen can su taso, su ƙetare Bahar Rum da Hamadar Sahara, su sauka a wuraren ruwa na farko da suka tarar a kudancin hamada. Fadamar Haɗejiya na cikin waɗannan masaukai. Saboda haka mafi kyawun lokacin ziyara shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu: hanya ta bushe, ruwa ya taru a tafkuna, tsuntsaye sun cunkushe a wuri kaɗan. A tsakiyar Janairu ne ma masana kan yi ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa, har da nan. Abu ɗaya da zai iya ɓata wa mai kallo rana shi ne hazo, don haka ya fi kyau a ware kwana uku ko huɗu, idan yau ta yi duhu gobe ta washe.

Zuwa Maris da Afrilu baƙin sun kama hanyar gida, zafi ya sauko, ƙananan tafkuna sun ƙafe. Sai kuma shamuwa ta iso daga kudancin Afirka ta yi sheƙa a bishiyoyin cikin gari, manomi ya san damina ta kusa.

Abin da ido zai gani

Wanda zai je Baturiya ya cire giwa da zaki daga ransa. Mai neman giwa Yankari zai nufa, a Jihar Bauchi, inda ake fita da mota a zaga daji a dawo a yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki. A Baturiya, idan an yi sa'a, a ga jan biri ya gitta, ko tsari ya faɗa ruwa, ko dila da magariba. Arzikin wurin tsuntsu ne, kuma an lissafa nau'o'i sama da 370 a yankin.

Fitar asuba ita ce fita. Bayan an idar da salla, mai kwalekwale zai tura jirginsa da gora a hankali ta tsakanin ganyen bado, sanyi na ratsa riga, ruwa na tururi. Abin da za ka fara ji shi ne fiton kirinjijiya, garke guda sun taso suna kewaya tafki. Can gefe ga dinya, baƙa, cikinta fari, ta fi kowace agwagwar ruwa a nan girma, kusa da ita ga ɗani, wanda namijinsa ke da ƙullutu a kan baki. Zalɓe na tsaye a ruwa kamar an dasa shi, yana jiran kifi ya yi kuskure. A kan ganyen bado wani ɗan tsuntsu mai jan jiki da dogayen yatsu yana takawa ba ya nutsewa. Idan rana ta ɗan ɗaga, balbelu su bi shanun Fulani zuwa mashaya. A cikin waɗannan 'yan gida ne za ka ga baƙin: ƙananan agwagi masu farin layi a saman ido, da wasu masu dogon wutsiya mai tsini, da dubban 'yan tsuntsayen bakin ruwa da ke tsintar shinkafar da ta zube a gonakin da aka girbe. Wani lokaci akan sami ɗaya da zoben ƙarfe a ƙafa, wanda masu bincike suka sa masa a wata ƙasa mai nisa don su san inda yake zuwa.

Akwai kuma wanda da wuya ka gani. Gauraka mai tukku ruwan zinariya a da sananniya ce a fadamun Arewa, amma kamun da ake yi mata ana kai wa gidajen masu hali, da raguwar wuraren da take ƙwai, sun sa ta kusa ɓacewa daga dajin Najeriya. Wanda ya tambayi dattawan masunta zai ji yadda suke ganinta a da.

Kallon bai tsaya kan tsuntsu ba. Za ka ga masunci ya kwanta rubda ciki a kan ƙaton gora yana iyo da ƙafa, yana jefa abin da ya kama cikin bakin goran. Za ka ga tarwaɗa da karfasa a kan wutar banda, mata na saƙa tabarma da kabar goruba, yara na fasa 'ya'yan bado. Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa duk ruwan nan ne abincinsu, kuma kifin da ya fito daga nan shi ke cika kasuwar kifi ta Haɗejiya, inda 'yan kasuwa ke saye su yi kudu da shi.

Shirin tafiya

Daga Kano zuwa Haɗejiya tafiyar kimanin awa uku ce a mota, ko dai ta Ringim ko ta Gumel da Malam Madori. A cikin garin ya kamata a sauka, domin nan ne ake samun masauki da mai da magani. Garin kansa ya cancanci yini guda. Nan ne a ranar 25 ga Afrilu 1906 Sarki Muhammadu da jama'arsa suka ƙi miƙa wuya ga sojojin Ingila, suka yi yaƙi har ya rasa ransa, abin da ya sa ake kiransa Mai Shahada.

Kafin a shiga gandun Baturiya, a nemi izinin ma'aikatan da ke kula da shi, a kuma tambaye su halin hanya da na tsaro a wannan makon. Da an isa ƙauye, a fara da gaida mai gari. Da ɗan gari akan ci gari, kuma babu wanda ya san inda dinya ke kwana kamar masunci ko tsohon maharbin da ya girma a wurin. A yi ciniki da ɗan jagora da mai kwalekwale tun kafin a tashi, a biya su da kyau, ba tare da ƙwaƙule ba. A riƙe madubin hangen nesa, da rigar sanyi, da hula, da ruwan sha, da gidan sauro. Kaya masu launin ƙasa sun fi farare, domin tsuntsu na hango fari daga nesa ya tashi. Kada a cika jirgi fiye da ƙima, kuma duk wanda zai hau, musamman yara, a sa masa rigar da ke hana nutsewa. Kada a yi wanka a ruwan da ba ya gudu, saboda tsargiya. Kada a ɗauki hoton mutum, balle matan aure, sai da yardarsa. Kada kuma a sayi tsuntsun daji da rai ko a gashe, domin kowane ciniki irin wannan aike ne ga mai tarko ya koma ya kamo wani.

Ciwon da ke damun fadamar

Mai ziyara na gaskiya ya kamata ya san halin da mai masaukinsa ke ciki. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Sun ba Kano ruwan sha da noman rani, amma sun canza yadda kogi ke tafiya. Filin da ambaliyar shekara ke shafa, wanda a da yakan kai kusan hekta 300,000, ya dawo ƙasa da hekta 100,000 a wasu shekaru, fari na shekarun 1970 da 1980 ma ya ƙara nasa. Wani masanin tattalin arziki mai suna Edward Barbier da abokan aikinsa sun yi lissafi a farkon shekarun 1990, suka nuna cewa ruwan da aka bari ya malala a fadama yana samar da amfani ta hanyar noma da su da itace fiye da irinsa da aka tare don noman rani a sama.

Akwai kuma kacala. A da kogi kan ƙafe da rani, ciyawar ruwa ta mutu. Da madatsu suka fara sakin ruwa duk shekara, kacala ta samu wurin zama, ta haɗu da yashi ta toshe hanyoyin ruwa. Sakamakon haka wasu garuruwa ruwa ya cinye musu gonaki, wasu kuma ruwan ya daina isa gare su. A cikin kacalar ne jan baki ke kwana, ya tashi da safe ya afka wa shinkafa da gero. Ga saran itace ana lodawa a manyan motoci, ga rikicin manoma da makiyaya a kan ɗan abin da ya rage. Manomin da ya kwana yana korar jan baki ba zai saurari wa'azin kare tsuntsu ba, sai ya ga abin da tsuntsun ya kawo masa. A nan ne labarin goggon biri yake da amfani gare mu.

Tafiya mai nisa

Goggon birin tsauni wuri biyu kawai yake rayuwa a duniya: tsaunukan Birunga, inda iyakokin Ruwanda da Yuganda da Kwango suka haɗu, da kurmin Bwindi a Yuganda. A farkon shekarun 1980 waɗanda ke Birunga ba su fi 250 da 'yan kai ba, saboda tarko da farauta da saran daji. Dian Fossey, Ba'amurkiyar da ta kafa sansanin bincike na Karisoke a 1967, ta ƙare rayuwarta a kansu, aka kashe ta a can a 1985. Ƙidayar da aka kammala a 2018 ta nuna jimillarsu ta kai 1,063, kuma a wannan shekarar aka sauke su daga matakin halittun da ke dab da ƙarewa zuwa matakin da ke ƙasa da shi.

Mai son zuwa da takardar izini zai fara, kafin tikitin jirgi, domin adadinta ƙayyadadde ne kuma takan ƙare watanni kafin lokaci. Ruwanda ta sa dala 1,500 ga baƙon waje tun 2017, Yuganda ta kai tata dala 800 a 2024, kuma ƙasashen biyu suna da rangwame ga 'yan Afirka, don haka a tambayi farashin mai fasfon Najeriya. Ɓangaren Kwango yana yawan rufewa saboda yaƙi, a bar shi. Jirgin RwandAir na zuwa Kigali daga Legas, daga Kigali kuma tafiyar awa biyu zuwa uku ce a mota zuwa Musanze, gindin tsaunukan. Ruwan sama ya fi sauƙi daga Yuni zuwa Satumba da kuma daga Disamba zuwa Fabrairu. A riƙe katin rigakafin shawara, da takalmi mai kama ƙasa, da rigar ruwa, da safar hannu saboda ƙaiƙayi. Kada a shiga Ruwanda da leda, domin an hana ta tun 2008. Musulmi zai sami masallatai da abincin halal a unguwar Nyamirambo da ke Kigali. A kuma fara motsa jiki tun daga gida, domin hawan yana farawa ne a tudun da ya haura mita 2,000, inda numfashi ke yi wa mutumin Kano ko Haɗejiya wuya.

Dokokin wurin ba a sassauta su ga kowa. Mutum 8 kaɗai ke ziyartar iyali ɗaya na birai a rana. Wanda bai kai shekara 15 ba ba ya zuwa. Mai mura ko tari a masauki zai tsaya, domin cutar ɗan Adam tana kama su. Masu bin sawu ne ke fita tun da duhu su gano inda biran suka kwana, sannan baƙi su bi, wani lokaci awa ɗaya, wani lokaci rabin yini, cikin taɓo da gora. Idan an iso, sai a ajiye jaka da sanda, a tsaya da tazara daga gare su, a yi ƙasa da murya. Ga uban gidan zaune, bayansa fari kamar furfura, nauyinsa ya haura kilo 150, yana ɓare gora da yatsu yana ci, 'ya'ya na kokawa a gefensa, uwa na duba gashin jaririnta. Awa ɗaya cif ake bayarwa, daga nan jagora ya ce a juya.

Tsadar takardar da ƙarancin baƙi da gangan aka yi su. Tun 2005 Ruwanda ke ware wani kaso na kuɗin gandayenta ga ƙauyukan da ke kewaye, ta fara da kashi 5 cikin 100, ta mai da shi kashi 10 a 2017, ana gina ajujuwa da asibitoci da tankunan ruwa. Yuganda tana ba maƙwabtan gandu kashi 20 na kuɗin shiga. Da yawa daga cikin masu dakon jakar baƙi a da 'yan tarko ne, shi ya sa ake son baƙo ya ɗauki ɗan dako ko da jakarsa ba ta da nauyi. Tsarin yana da tabonsa: 'yan ƙabilar Batwa, waɗanda kurmin Bwindi ne gidansu tun kaka da kakanni, an fitar da su lokacin da aka mai da shi gandun ƙasa a 1991, kuma da yawansu har yau cikin talauci suke. Duk mai shirin kafa gandu a ƙasar da mutane ke ci daga cikinta ya kamata ya riƙe wannan a ransa.

Najeriya ma tana da nata goggon birin, wani nau'i daban da ke tsaunukan Afi da Mbe da kurmin Okwangwo a Jihar Kuros Riba, zuwa cikin Kamaru. Duka-duka ba su wuce 300 ba, kuma ba a saba musu da mutane ba, saboda haka ba a kai baƙi kallonsu. Okwangwo ta shiga jerin UNESCO ne a shekara ɗaya da fadamar Haɗejiya.

Abin da ya rage gare mu

Ba wanda zai biya dala 1,500 don ya ga kirinjijiya, kuma ba a bukatar haka. Abin da Baturiya ke bukata ƙanana ne: kuɗin shiga sananne mai rasit, kaso bayyananne ga ƙauyukan da ke gefen gandun, horar da samarin wurin su zama 'yan jagora, jiragen ruwa masu lafiya, da ɗan masauki mai tsabta. Sama da duka tana bukatar a riƙa yashe hanyoyin ruwa, a kuma saki ruwan madatsu da lissafin mutanen da ke ƙasa. Wannan aikin hukumar gandayen daji ne, da gwamnatin jiha, da hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are, da masarauta. Kada kuma a kafa gandu ta hanyar korar masunci da makiyayi daga abincinsu, a zauna da su a shata inda za a taɓa da inda za a bari.

Naka rabon, mai karatu, shi ne zuwa. Hukuma ba ta gyara wurin da ba kowa ke tambayarsa, mutanen ƙauye kuma ba za su ga amfanin tsuntsu mai rai ba sai baƙo ya zo dominsa ya biya. Idan Allah ya hore maka, ka je Ruwanda ka ga goggon biri. Amma kafin nan, idan sanyin bana ya shigo, ka ɗauki iyalinka ko ɗalibanka ku kwana biyu a Haɗejiya, ku gaida mai gari, ku ɗauki ɗan jagora daga cikin 'ya'yan wurin, ku biya shi haƙƙinsa cikakke.